Tsirrai a Madadin Antibayotik Wajen Kiwon Kajin Nama: Abin da Suke Iyawa da Inda Ƙarfinsu Ya Tsaya

Kajin nama na gidan gona, waɗanda masu kiwo suka fi sani da buroila, tsuntsaye ne da aka shafe shekaru ana tace irinsu domin saurin girma. Ɗan tsakon da nauyinsa bai wuce giram 40 zuwa 45 ba ranar da aka ƙyanƙyashe shi yakan haura kilo 2 cikin makonni shida, muddin ya samu abinci da kulawa yadda ya kamata. Nauyin wannan gudu kuwa a kan hanjin kazar yake. Da zarar hanji ya samu matsala, abincin da aka saya da tsada sai ya riƙa wucewa zuwa ƙasa ba tare da ya zama tsoka ba, alhali abinci shi ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da mai kiwo ke kashewa.

Shekaru da dama hanyar da aka bi wajen kare hanjin ita ce zuba magungunan kashe ƙwayoyin cutar bakteriya, wato antibayotik, a cikin abinci ko ruwan sha. Yanzu da duniya ke ja da baya daga wannan hanya, ɗaya daga cikin abubuwan da ake gwadawa a gurbinta shi ne sinadaran tsirrai: ganye, saiwa, ɓawo, 'ya'yan itatuwa da kayan yaji da ake ƙarawa a abincin kaji kaɗan-kaɗan, ba don su ƙosar ba, sai don su gyara aikin ciki. Iri uku suke zuwa. Akwai busasshen tsiro da aka niƙa ya zama gari, akwai abin da aka tsamo daga tsiro ta hanyar jiƙawa da tacewa, sannan akwai man ƙamshi da ake tatsa ta hanyar turara, wanda ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba.

Yadda antibayotik ya shiga abincin kaji

Abin ya faro ne kusan bisa tsautsayi. A ƙarshen shekarun 1940, wasu masana biyu na kamfanin Lederle a Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suna neman hanyar samar da bitamin B12 mai araha ga kaji, sai suka ciyar da 'yan tsaki dusar da ta rage bayan an haɗa maganin kulotetirasaikilin. Tsakin suka yi girman da bitamin kaɗai ba zai iya jawowa ba. Ɗan ragowar maganin da ke cikin dusar ne ya yi aikin. A 1951 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa sa antibayotik a abincin dabbobi, daga nan al'adar ta bazu ko'ina.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna wani abu da ya kamata mai kiwo ya riƙe. Tsakin da aka raina a ɗakin bincike inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya ba sa ƙara girma idan aka ba su maganin. Ke nan maganin ba shi da wani sirrin ƙara tsoka. Abin da yake yi shi ne danne bakteriyar da ke gogayya da kaza a kan abincinta, da kwantar da ƙananan cututtukan hanji da ba sa fitowa fili. Shi ya sa amfaninsa ya fi bayyana a ɗakin da ƙazanta da cunkoso suka yi yawa.

Hanyoyi uku ake amfani da antibayotik a gidan gona, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin ruɗanin da ke cikin wannan batu. Na farko, warkar da kajin da suka kamu da ciwo. Na biyu, ba wa lafiyayyun kaji magani don gudun kada su kamu. Na uku, sa ɗan kaɗan a abinci kullum domin haɓaka girma. Sinadaran tsirrai suna takara ne a gurbi na uku da wani ɓangare na na biyu. Gurbi na farko har yanzu na likitan dabbobi ne da maganin da ya rubuta.

Dalilin janyewa

Bakteriyar da ta daɗe tana haɗuwa da ɗan magani kaɗan, wanda bai isa ya kashe ta gaba ɗaya ba, takan bar baya da 'ya'yan da maganin ba ya ci. Waɗannan kan iso ga mutum ta ɗanyen nama, ta hannun mai fiɗa da mai figa, ta kashin kaji da ake kai wa gonakin kayan lambu a matsayin taki, da kuma ta ruwa. Tun 1969 rahoton kwamitin Swann a Birtaniya ya yi gargaɗi a kan haka. Suwidin ce ta fara haramta antibayotik na haɓaka girma a 1986. Denmak ta haramta abofasin a 1995, bayan an gano cewa amfani da shi a dabbobi yana haifar da bakteriya mai bijire wa bankomaisin, ɗaya daga cikin magungunan da asibitoci ke ajiyewa don mawuyacin hali. Tarayyar Turai ta hana duk antibayotik na haɓaka girma daga 1 ga Janairun 2006, sannan daga Janairun 2022 ta hana ba wa garke magani a kai a kai da sunan kariya. Amurka ta cire magungunan da ke da muhimmanci ga lafiyar ɗan Adam daga wannan amfani a Janairun 2017, a Nuwamban shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su daina ba wa lafiyayyun dabbobi antibayotik.

Ƙasar Sin ta bi sahu a 2020, amma dokarta ta ware magungunan gargajiya na tsirrai daga haramcin, abin da ya ƙara wa kasuwarsu ƙarfi. A can ne kuma aka fara bayyana gano ƙwayar gado mai suna mcr-1 a 2015, wadda ke ba wa bakteriya ikon jure wa kolistin, kuma take iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. Daga baya an same ta a ƙasashe da dama, har da cikin samfuran da aka ɗauka daga kaji a Najeriya.

Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magunguna ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ba kiwo kaɗai ke da alhakin wannan ba. Shan magani barkatai tsakanin mutane yana da nasa babban kaso. Sai dai oksitetirasaikilin, jentamaisin, enrofuloksasin da kolistin da ake narka wa kaji a ruwa, ko dai su ne ake ba wa majinyata, ko kuwa 'yan uwansu ne na jini.

Tsirran da sinadaran da ke cikinsu

Waɗanda aka fi yin bincike a kansu a duniya su ne oregano da tayim, wannan ganyen da ake sawa a dafa-duka da miyar nama. Man ƙamshinsu na ɗauke da karbakurol da timol. Sai kirfa mai sinamaldihaid, kanumfari mai yujinol, da barkono mai kafsaisin. Batun barkono yakan ba mutane mamaki, to amma tsuntsaye ba sa jin yajinsa kamar yadda mutum da sauran dabbobi masu shayarwa ke ji, saboda jijiyar da ke karɓar saƙon zafin a jikinsu ba ta amsa wa kafsaisin. A 2015 Tarayyar Turai ta yi rajistar wani haɗi na karbakurol kashi 5, sinamaldihaid kashi 3 da man barkono kashi 2 cikin 100 a matsayin mai inganta girman kajin nama, a ma'aunin miligiram 100 cikin kowane kilo na abinci. Yawancin sauran kayan tsirrai da ake sayarwa a Turai kuwa an yi musu rajista ne a matsayin masu ƙara ƙamshi da ɗanɗano kawai, domin kafin a amince da iƙirarin ƙara girma sai kamfani ya gabatar da gwaje-gwajen da suka tabbatar da shi.

Wasu kuma a kasuwannin gida suke. Tafarnuwa tana samar da alisin, wanda babu shi a cikin ƙwayar da ba a taɓa ba. Sai an daka ta ko an yanka sannan sinadarai biyu da ke rabe a cikinta su haɗu su haife shi, kuma ba ya daɗewa, musamman in ya ji zafi. Citta, wadda kudancin Kaduna ya shahara da nomanta a yankunan Kachia, Jaba da Kagarko, tana da jinjarol. Kurkum yana da kurkumin, wanda hanji ba ya tsotsarsa sosai, shi ya sa ake yawan haɗa shi da masoro, domin fiferin da ke cikin masoro yana taimaka masa ya shiga jini. Habbatussauda tana da timokwinon. Ɗaɗɗoya tana da yujinol ko timol gwargwadon irinta. Akwai kuma shuwaka, dogonyaro, 'ya'yan gwanda da hulba.

Zogale matsayinsa daban ne. Busasshen ganyensa na da furotin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ga bitamin da sinadaran da ke sa fata da ƙafafun kaza su yi rawaya, don haka rabinsa abinci ne, rabinsa ƙari. Amma yana da harza da sinadarai masu hana narkewar abinci, kuma idan ya yi yawa a haɗi girman kaji yakan ja baya.

Sai tanin, sinadarin nan mai bauri da majema suka sani a bagaruwa. Da can masana abincin kaji guba suka ɗauke shi, domin idan ya yi yawa yana ɗaure furotin ya hana jiki amfana da shi. Yanzu ana sayar da tanin da aka tace daga itacen cesnot na Turai da kebraco na Kudancin Amurka, ana sa ɗan ƙanƙani don tsayar da tsinkewar kashi da rage bakteriya mai cutarwa. Tsakanin amfani da illa a nan awo ne kawai.

Ba sabon abu ba ne ga matan karkara su jiƙa ɓawon maɗaci, barkono ko gautan kaji a kaskon ruwan kajin gida. Sai dai kazar Hausa da ke kiwon kanta a bola da bayan gida, tana girma a hankali cikin watanni, ba ɗaya take da buroilar da aka tsare ɗari biyar a ɗaki guda ba. Abin da waccan ta jure ba lallai wannan ta jure ba.

Yadda suke aiki a jikin kaza

A kwanon gwaji, timol da karbakurol suna ratsa fatar ƙwayar bakteriya mai maiƙo su huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye. Sun fi tasiri a kan irin su Clostridium perfringens, mai haddasa ruɓewar bangon hanji, fiye da E. coli da Salmonella, waɗanda ke da wata fata ta biyu a waje. To amma adadin da ake sawa a abinci yawanci bai kai wanda ke kashe bakteriya a kwanon ba, kuma jiki yakan tsotse yawancinsa tun daga ƙundu da farkon hanji, kafin ya isa ƙarshen hanji inda bakteriya ta fi taruwa. Saboda haka kiran waɗannan abubuwa "antibayotik na gargajiya", kamar yadda wasu 'yan kasuwa ke yi, ya wuce gona da iri.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne a kan ita kazar kanta. Kayan yaji suna ƙara kwararar ruwan maɗaciya da sinadaran narkar da abinci, wanda ke taimakawa wajen narkar da maiƙo. Suna rage kumburin bangon hanji. A gwaje-gwaje da yawa an ga 'yan tsirarrun zaren da suka lulluɓe cikin hanji kamar gashin tawul, waɗanda su ne ke tsotsar abinci, sun ƙara tsawo. Haka kuma suna rage lahanin da zafi ke yi wa ƙwayoyin jiki, abin da ke da muhimmanci a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai maki 40 a sassan Arewa, alhali babbar buroila ta fi sakewa a ƙasa da maki 25.

Matsalar awo

Wanda ya bibiyi sakamakon binciken da ake wallafawa, har da na jami'o'in Najeriya a Zariya, Ibadan, Abeokuta da Umudike, zai tarar da saɓani. Wani gwaji ya nuna tafarnuwa ko citta ta ƙara nauyi, wani ya nuna babu bambanci, wani ma ya nuna raguwa. Ba ƙarya wani ya yi ba. Ƙarfin sinadarin da ke cikin tsiro yana canzawa da irinsa, ƙasar da ya fito, lokacin girbi, yadda aka shanya shi da tsawon ajiya. Ganyen da aka shanya a inuwa da wanda aka baza a rana tsaka ba su zama ɗaya ba. Ga shi kuma yawancin gwaje-gwajen da kaji kaɗan ake yin su, a ɗakuna masu tsafta inda ko antibayotik ɗin da ake kwatantawa da shi ba ya nuna wani tasiri a zo a gani.

Man ƙamshi kuma yana tashi da zafi. Injin da ke dunƙule abinci ya zama ƙwaya-ƙwaya yana amfani da tururin da ya kai maki 70 zuwa 90, wanda ke iya kore wani kaso na man kafin buhu ya bar masana'anta. Shi ya sa manyan kamfanoni ke lulluɓe sinadarin da wani siririn rufi na kitse, wanda ke kare shi daga zafi kuma ya jinkirta sakinsa har sai ya yi nisa cikin hanji.

Lissafi ma yana da abin cewa. Miligiram 100 a kilo na nufin giram 100 a tan guda, wato giram 2.5 kacal a buhu mai kilo 25. Ba a iya gauraya wannan da shebur a tsakar gida ya bazu daidai. Sai an fara cakuɗa shi da ɗan abinci kaɗan, sannan a riƙa ƙarawa. Garin tsiro kuwa da yawa ake sa shi. Kashi 1 cikin 100 shi ne giram 250 a kowane buhu. Kaji 500 da kowace za ta ci kilo 4 kafin a sayar za su cinye tan 2, ke nan ana buƙatar kilo 20 na garin tafarnuwa, wanda samunsa sai an busar da ɗanyarta ninki biyu da rabi zuwa uku na hakan. Tsirran nan abincin mutane ne, farashinsu na bin kasuwa. Annobar fumfuna da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta nuna yadda farashi kan iya tashi cikin kaka guda.

Kasancewar abu daga tsiro kuma ba shaidar rashin illa ba ce. Ganyen dogonyaro idan ya yi yawa ɗacinsa na hana kaji cin abinci, yana kuma iya taɓa hanta. Tafarnuwa mai yawa tana iya barin warinta a nama. Ganye ko citta da ba su bushe sosai ba sukan yi fumfuna, wasu nau'o'in fumfunar kuma na fitar da gubar afalatoksin, mai lalata hanta da raunana garkuwar jiki, har rigakafin da aka yi ya kasa kamawa.

Abin da ya faru a Denmak

Masu kiwon kajin nama na Denmak sun daina amfani da antibayotik na haɓaka girma a Fabrairun 1998. Kwamitin masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tura ya duba sakamakon ya bayar da rahoto a 2003 cewa mace-macen kaji ba su ƙaru ba, nauyinsu bai ragu ba, abincin da ake buƙata don samar da kilo guda na nama ne kawai ya ɗan ƙaru. Sai dai ba tsirrai ne suka riƙe su ba. Gidajen gonarsu na da tsauraran matakan tsafta, kuma sun ci gaba da sa magungunan hana koksidiyosis, cutar nan mai sa kashin jini, irin su salinomaisin, waɗanda ba a amfani da su wajen jinyar mutane kuma dokar Turai ba ta hana su ba. Koksidiyosis ce ke fara raunata bangon hanji, sannan Clostridium ta samu ƙofa. Duk tsarin da ya cire antibayotik bai tanadi maganin koksidiyosis ko rigakafinta ba, ya bar wannan ƙofa a buɗe.

A wuraren da aka yi nasara, sinadaran tsirrai ɗaya ne daga cikin abubuwa da dama da ake haɗawa: bakteriya mai amfani da ake ba wa tsaki, sinadarai masu tsami da ake sawa a ruwa ko abinci, da sinadaran taimaka wa narkewa.

Halin da ake ciki a Najeriya

Hukumar NAFDAC ce ke rajistar magungunan dabbobi da abubuwan da ake ƙarawa a abincinsu, kuma ta hana amfani da kuloramfenikol da furazolidon a dabbobin da ake ci. Cibiyar NCDC ta jagoranci shirin ƙasa na farko kan bijirewar ƙwayoyin cuta na 2017 zuwa 2022, an kuma ƙaddamar da na biyu na 2024 zuwa 2028, wanda ya haɗa ɓangarorin lafiyar mutane, dabbobi da muhalli. A 2024 ne kuma gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi.

A aikace, mai ƙaramin kiwo yakan sayi magani a shago ba tare da takardar likita ba, kuma wasu daga cikin garin bitamin da ake ba wa tsaki a makon farko da sunan rage gajiya suna haɗe da antibayotik, wanda sai an karanta jikin leda za a gane. Kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a dakata tsakanin shan ƙarshe da yanka, domin ragowarsa ta fita daga nama. Lokacin hada-hadar Sallah da Kirsimeti, da mai saye ke tsaye a ƙofa, shi ne lokacin da aka fi take wannan ƙa'ida.

Manyan cututtukan da ke share ɗaki cikin kwanaki, wato Newcastle, Gumboro da murar tsuntsaye, na bairos ne. Antibayotik ba ya kashe su, tafarnuwa da zogale ma haka. Newcastle da Gumboro rigakafi ke tare su, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da shi. Murar tsuntsaye kuwa rahotonta ake kaiwa ga hukumar kula da lafiyar dabbobi nan take.

Mai kiwon da ke son gwada wani kayan tsiro zai iya raba tsakin da suka zo rana ɗaya gida biyu, ya ba wa ɓangare guda, ya bar ɗayan, abinci da ruwa da shimfiɗa duk iri ɗaya. Ya riƙa auna kaji 20 daga kowane ɓangare duk mako, yana rubuta buhunan da suka ci da adadin waɗanda suka mutu. A ƙarshe ya raba kilon abincin da kilon kajin, ya ɗora kuɗin abin da ya ƙara a kai. Idan na kamfani ne, ya duba lambar NAFDAC, sunan sinadarin da ke ciki da yawansa, da ranar lalacewa. Idan kuwa ana cikin gwajin aka ga jini a kashi, ko kaji sun takure sun daina ci, ko mace-mace sun ninka cikin kwana ɗaya ko biyu, sai a kai waɗanda suka mutu ba da jimawa ba wurin likitan dabbobi ya buɗe su, a ba da maganin da ya rubuta har ya cika kwanakinsa, sannan a ƙirga kwanakin dakatarwa kafin a kai kasuwa.